Lulluɓin Ɓoyayyen Abu a Galaksi

Lulluɓin ɓoyayyen abu wani ƙaton curi ne mai nauyi da masana sararin samaniya ke ganin ya kewaye galaksi, wato babban taron taurari, ya kuma zarce iyakar taurarinsa nesa ba kusa ba. Ba ya fitar da haske, ba ya tare shi. Ana gane shi ne ta yadda yake jan taurari da iskar gas.

Tun a 1933 Fritz Zwicky ya lura cewa galaksin da ke wani tarin galaksi mai suna Koma suna gudu fiye da yadda nauyinsu na bayyane zai iya riƙe su. A 1970 Vera Rubin da Kent Ford suka auna juyawar galaksin Andromeda. A ƙa'ida, abin da ke can gefe ya kamata ya rage sauri, kamar yadda Neptun, duniya mai nisa da rana, ke zagaya ta a hankali fiye da duniyarmu. Sai awon da aka yi ta yi a shekarun nan ya nuna saurin ba ya raguwa, alamar cewa akwai wani nauyi da ba a gani.

Don ƙiyasta lulluɓin, wasu na amfani da lissafin James Jeans, wanda ke ɗaukar taurari a dunƙule. Hanyar da Martin Schwarzschild ya kawo a 1979 ta fi bin diddigi: a ƙaddara siffar lulluɓi, kwamfuta ta zana dubban hanyoyin zagaye a cikinsa, a haɗa su, a gwada da haske da saurin da aka gani. In ba su dace ba, a sauya siffar a sake.

Babbar matsalar ita ce, sauyin layukan da ake gani in an rarrabe hasken tauraro launi-launi yana nuna saurin kusantarmu ne ko nisantarmu kaɗai, ban da tafiyarsa ta gefe. Shi ya sa lulluɓi biyu mabambanta kan dace da awo ɗaya, kuma bai kamata a raina wannan gibi ba.

A 1996 Navarro da Frenk da White suka nuna cewa a kwaikwayon kwamfuta lulluɓi yana daɗa cunkushewa sosai wajen tsakiya. Amma a ƙananan galaksi da yawa, tsakiyar ba ta kai haka cunkoso ba. Wasu na ɗora abin kan fashewar manyan taurari da ke watsa gas, wasu kuma kan yanayin ɓoyayyen abin kansa. Game da gibin tafiyar gefe kuwa, kumbon Gaia na Turai, da aka harba a 2013, ya auna tafiyar gefe ta taurari sama da biliyan 1, yawancinsu a galaksinmu.