Waiwaye: Awon sankarar bakin mahaifa, daga Mumbai zuwa Maraɗi

A shekarar 1968 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idoji goma da wasu likitoci biyu, Wilson da Jungner, suka tsara kan yi wa mutum awo alhali bai ce yana ciwo ba. Biyu daga cikinsu ne har gobe ke ci mana tuwo a ƙwarya a nan Maraɗi: kada a tono cutar da ba ta da magani, kuma kada a tono ta inda babu wurin jinyarta.

A lokacin, ƙasashe masu hali sun riga sun rungumi awon da George Papanicolaou ya fito da shi tun shekarun 1940, inda ake lakato ƙwayoyin bakin mahaifa a duba su da madubin likita. Awon yana da kyau, amma yana buƙatar ɗakin gwaji da ƙwararre, sannan mace ta dawo karɓar sakamako bayan makonni. Matar da ta taso daga ƙauyen Dakoro ko Mayahi, da ƙyar ta samu izini da kuɗin motar zuwa ɗaya, balle na biyu. Shi ya sa aka koma ga binegar: ungozoma ta shafa shi a bakin mahaifa, ta jira minti ɗaya, inda ya fara lalacewa sai ya yi fari, a ƙone wurin ko a daskarar da shi nan take.

Gwada wannan dabara ne ya jawo cece-kuce. A 1998 aka fara wani bincike a unguwannin talakawan Mumbai ta Indiya da mata sama da 150,000. Rabi ana yi musu awo, rabi kuwa wayar da kai kawai. A 2013 aka bayyana cewa mace-macen da sankarar bakin mahaifa ke haddasawa sun ragu da kashi 31 cikin ɗari a ɓangaren masu awo. Masu suka suka ce ai tun da can an san awo yana ceton rai, don me za a zauna ana ƙidayar gawar waɗanda aka bari? Masu binciken suka ce ba a raba kowa da komai ba, tun da dama matan ba su da inda za su yi awon, kuma gwamnati ba ta sakin kuɗi sai ta ga alƙaluma. Hujjar tana da ƙamshin gaskiya. Amma a ganina, in aka bi ta, talaucin mutum ya zama lasisin yi masa abin da ba za a yi wa mai hali ba. A 2012 ma ofishin Amurka mai kare haƙƙin waɗanda ake bincike a kansu ya ce ba a yi wa matan isasshen bayani ba kafin su amince.

Allurar rigakafin ƙwayar HPV, wadda ke haddasa cutar, ta fito a 2006, ita ma ba ta tsira ba. A 2010 Indiya ta dakatar da wani shirin yi wa 'yan mata allurar a jihohin Andhra Pradesh da Gujarat bayan rasuwar bakwai daga cikinsu. Kwamitin bincike bai samu alaƙa tsakanin allurar da mutuwar ba, sai dai ya gano cewa shugabannin makarantun kwana ne suka sa hannu a takardun amincewa da yawa a madadin iyaye.

Mu kuwa ba sai mun je Indiya ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani bincike da ya shafi yara 200 a Kano, 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ne ba. A 2003 wasu jihohin arewacin Najeriya suka juya wa allurar shan inna baya. Labari irin wannan ba ya tsayawa a Jibiya, tare yake ƙetarowa da kayan 'yan kasuwa. Uban da ya tambaya ko allurar ta hana haihuwa ce, ya yi kuskure a kan allurar, amma ba daga sama tsoronsa ya faɗo ba, kuma tsawa ba ta cire shi.

Nijar ta yi nata yunƙurin. A 2007 gwamnati ta ayyana jinyar kansar mata kyauta. A 2013 ƙasar na cikin takwas na farko da Gavi, ƙungiyar da ke tallafa wa ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da alluran rigakafi, ta amince ta tallafa wa gwajin allurar HPV. Sai a 2021 aka samu na'urar gashin cutar kansa a Cibiyar Yaƙi da Kansa ta Ƙasa da ke Yamai, tafiyar sama da kilomita 600 daga nan. Kyautar kuwa ba ta haɗa da kuɗin mota, masauki, abinci da ɗawainiyar mai jinya ba.

Nan ne nauyin ke sauka a kan ungozoma. In ta ga fari-fari ne kawai, magani na hannunta. In kuma ta tarar abu ya yi nisa, yana jini yana wari, me za ta ce? "Baba, sai kin je Yamai," alhali ta san ko akuyar gidan aka sayar ba za ta kai ta ba. Wa za ta fara gaya wa, matar ko maigidan da zai biya? Ƙwayar HPV ta hanyar saduwa ake ɗaukarta, a gidan da ke da kishiyoyi kuwa kalma ɗaya tana iya zama zargi, har ta kai ga saki, ko da yake yawancin manya kan ɗauke ta a rayuwarsu jiki ya kawar da ita ba su sani ba.

A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa buri zuwa 2030: allura ga kashi 90 na 'yan mata, awo ga kashi 70 na mata, jinya ga kashi 90 na waɗanda aka samu da cutar. Na farko da na biyu ana iya yin su da gangami na 'yan kwanaki, a ɗauki hoto a rubuta rahoto. Na ukun yana buƙatar likitan tiyata, jini, maganin rage raɗaɗi da na'urar da ba ta tsayawa, kuma shi ne ya fi wuyar samun mai ɗaukar nauyi. A 2022 mata kusan 350,000 cutar ta kashe a duniya, kashi 94 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita.