Yuraniyom ɗin Arlit: daga ina ya zo, wa ya ci moriyarsa?

Mene ne yuraniyom, har ake ta kai ruwa rana a kansa?

Ƙarfe ne mai nauyi, na 92 a jadawalin sinadarai, kuma darajarsa tana cikin ƙwayar zarrarsa. A 1938 Otto Hahn da Fritz Strassmann suka gano a Jamus cewa ƙwayar tana tsagewa idan niyutiron, wata ƙaramar ƙwaya da ke cikin zarra, ya doke ta, Lise Meitner da Otto Frisch suka yi bayanin abin da ke faruwa. Kowace tsagewa tana sakin zafi da wasu niyutiron da za su je su tsaga na gaba. In abin ya tafi ba linzami, bam ke nan. In an sa masa linzami, zafin ya tafasa ruwa, tururi ya juya inji, a samu lantarki.

Sai dai cikin abin da ake haƙowa, kashi 0.7 cikin 100 ne kawai nau'in U-235 mai saurin tsagewa, kusan duk sauran U-238 ne. Yawancin tashoshin nukiliya suna buƙatar a tace shi ya kai kashi 3 zuwa 5, makami kuwa kusan 90. A wannan tacewa kuɗi da iko suke, kuma ba a Arlit, garin haƙar da ke arewacin Nijar, ake yin ta ba.

Gaskiya ne wai ba a doron ƙasa aka samar da shi ba?

Haka masana sararin samaniya suka nuna. Sinadari mai nauyi irin wannan ba ya samuwa sai a inda niyutiron suka yi yawa fiye da kima, kamar lokacin da matattun taurari biyu suka yi karo. A watan Agustan 2017 na'urori sun hango irin wannan karo, aka kuma ga alamun sinadarai masu nauyi a haskensa. Wato yuraniyom ɗin da ke kwance a gindin duwatsun Ayar ya girmi ita kanta duniya.

Yaushe aka fara haƙarsa a Nijar?

Faransawa ne suka ci karo da shi a Azelik a 1957 suna neman tagulla, shekara uku kafin 'yancin kai. A 1961 Nijar ta sa hannu kan yarjejeniyar tsaro da ta ba Faransa fifiko wajen sayen irin waɗannan ma'adinai. An kafa kamfanin SOMAÏR a 1968, ya fara fitar da kaya a 1971. COMINAK ya biyo baya da mahaƙar ƙarƙashin ƙasa a Akouta, wadda ta yi aiki daga 1978 zuwa 2021. Garin Arlit kansa saboda haƙar aka gina shi, mutane suka yi ta kwarara daga kudu neman aiki.

A nan ake niƙe dutsen, a jiƙa shi da asid, a fitar da garin yuraniyom, a ɗura a duro. Shekara da shekaru manyan motoci ne ke kwasar durukan su nufi kudu, a kai su tashar ruwan Kwatano, jirgi ya kai su Faransa. Daga can sauran aikin duk nasu ne.

Akwai hannun yuraniyom a juyin mulkin 1974?

Nan masana tarihi suka fi daɗewa. Farashin man fetur ya yi tashin gwauron zabi a 1973, Faransa kuma ba ta da wani mai na a zo a gani. A watan Maris 1974 firaministanta Pierre Messmer ya bayyana shirin gina tashoshin nukiliya masu yawa, shirin da ya sa a yau kusan kashi biyu cikin uku na lantarkin ƙasar daga nukiliya yake. Diori Hamani, shugaban Nijar na lokacin, ya karanci lamarin: tunda masu mai sun ɗaga farashi, mai yuraniyom ma ya kamata a ƙara masa. Ana cikin wannan ciniki, ranar 15 ga Afrilu, hafsan soja Seyni Kountché ya kifar da shi.

Mutane da yawa sun ɗauka Faransa ce ta kitsa. Amma ƙasar tana cikin fari mai tsanani a lokacin, ana zargin manyan gwamnati da karkatar da abincin agaji, sojoji kuma suna da nasu ƙorafin. Abin da ba a musu a kai shi ne, akwai sojojin Faransa a Yamai kuma ba su ɗaga yatsa don ceton Diori ba. A ganina wannan kaɗai ya isa abin nazari, ba sai mun ƙara gishiri ba.

To me ya sa ƙasar ke fama da duhu?

Domin garin yuraniyom da ke cikin duro ba ya kunna ko ƙwai ɗaya. Su kansu mahaƙun da gawayin ƙasa (kwal) ake ba su wuta, daga tashar SONICHAR kusa da Cirozerin. Kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da lantarki a Nijar, kuma kafin 2023 yawancin wutar daga Najeriya ake sayo ta. Da aka katse layin bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Yamai da Maraɗi da Damagaram sun ji a jikinsu.

Tashar nukiliya babba guda tana ba da kusan megawat 1,000, abin da ya fi ƙarfin layukan ƙasar a yanzu. Tana kuma son ruwa mai yawa, da injiniyoyi, da hukumar sa ido mai haƙori. Madatsar Kandaji da hasken rana sun fi kusa da hannu.

Yanzu da gwamnati ta karɓe mahaƙa, an gama ke nan?

Ba a gama ba. A Yunin 2024 an janye wa kamfanin Orano na Faransa lasisin haƙar yuraniyom a Imouraren, a Yunin 2025 kuma aka mayar da SOMAÏR hannun gwamnati, bayan da Orano ke riƙe da kashi 63.4 na hannun jarinsa. Maganar tana gaban masu sasanci na duniya. Kasuwar ma ba ta Nijar kaɗai ba ce: rabonta bai wuce kashi 5 na abin da duniya ke haƙowa ba, Kazakistan kuwa tana da kusan 40.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda ba a cika faɗa a gangami ba. COMINAK ya bar kimanin tan miliyan 20 na tarkace mai fitar da tiririn nukiliya a kusa da gari. Ƙungiyar Aghir In'Man ta Arlit da cibiyar CRIIRAD ta Faransa sun daɗe suna auna ruwa da ƙasa, sun kuma samu gurɓatattun ƙarafan mahaƙa a kasuwa, irin waɗanda jama'a ke saye su yi rufi ko kayan gida. Duk wanda ya riƙe mahaƙar, tilas a san wa zai biya kuɗin rufe wannan tarkace, wa zai riƙa auna rijiyoyi, wa kuma zai duba lafiyar tsofaffin leburori.