Ƙullutun Saiwa Ba Cuta Ba Ne

Daminar bara wani dattijo daga bayan garin Damazin a Sudan ya kawo mini tushen gyaɗa a leda, ransa a ɓace, wai cuta ta kama saiwar. Na ciro ƙullutu ɗaya, na fasa shi da farce. Cikinsa ja-ja kamar ɗanyen nama. Na ce, "Baba, ai takinka ne ka tumɓuko."

Ga yadda abin yake. Iskar da muke shaƙa, kashi 78 cikin 100 naitirojin ce, sinadarin nan da muke zuba kuɗi mu saya a buhun yuriya. Shuka ba ta iya cin sa daga iska. Sai wasu ƙwayoyin bakteriya da ake kira rizobiyam su shiga saiwa su yi ɗaki, shuka ta ciyar da su, su kuma su mayar mata da iskar abinci. Ɗakin nan shi ne ƙullutun. Idan cikinsa ja ne yana aiki, idan fari ne ko kore ba ya yi. Kumburin tsutsar saiwa daban yake: saiwar ce da kanta ke kumbura, ba ya ciruwa da yatsa.

Abin da yawancinmu ba su lura ba, itatuwa ma suna yin wannan aiki. Gawo, wanda maƙwabtanmu Larabawa ke ce wa haraz, yana ciki. A gindin dutsen Jabal Marra, wanda tsayinsa ya haura mita 3,000, manoman ƙabilar Fur na wajen garin Zalinji a Darfur suna barin gawo tsakiyar gona, su shuka dawa da gero ƙarƙashinsa. Gawo kuwa ɗan kirki ne: da damina ta kama sai ya zubar da ganye, bai tare wa hatsi rana, ganyen ya ruɓe a inda ake buƙatarsa. Da rani ya yi inuwa, awaki da shanu su taru cin 'ya'yansa, su bar kashi. Taki ta hanya uku ke nan, kuma saiwarsa tana riƙe ƙasar gangare. Shi ya sa nake jin ciwo in na ga an kwantar da babban gawo don buhunan gawayi.

Dakwara, wato hashab mai ba da ƙaro, ita ma haka. Da ita manoman Kordofan ke hutar da gona. Amma ba kowace bishiya mai kwanso ba: tsamiya ba ta yin ƙullutun nan.

Mai renon dashe ya ɗebo ƙasa kaɗan daga gindin tsohon gawo ya haɗa a ledar dashen, don ƙwayoyin su samu saiwar tun tana ƙarama. Kada a cika masa yuriya, domin idan dashe ya ƙoshi ba ya damuwa da yin ƙullutu.