Ƙin tashin laftof bayan ƙara faifan ajiya na biyu

Ƙin tashin laftof bayan ƙara faifan ajiya na biyu matsala ce da ake gani idan an saka wa kwamfutar tafi-da-gidanka wani faifai, HDD ko SSD, domin ƙara wurin ajiya, sai ta ƙi shiga Windows ko Linux kamar yadda ta saba. Wata ta tsaya a tambarin kamfani, wata ta rubuta "No bootable device", wata kuma ta nuna shuɗiyar fuska ta yi ta sake kunna kanta. A mafi yawan lokuta tsohon faifan lafiyarsa lau, bayanan ciki ma suna nan. Abin da ya sauya shi ne inda kwamfutar take leƙawa ta nemi manhajar da za ta tashe ta.

Yadda kwamfuta ke tashi

Da an danna makunni, ƙaramar manhajar da ke zaune a cikin kwamfutar ce ke fara aiki. Tsohuwar ita ce BIOS, wadda ta zo da kwamfutar IBM ta 1981. BIOS tana bin jerin faifai ɗaya bayan ɗaya, ta karanta bayit 512 na farkon kowanne, wato MBR, inda umarnin tashi yake, tsarin da aka fara amfani da shi a 1983. Magajiyarta, UEFI, ta samo asali daga kamfanin Intel, kuma tun 2005 wata ƙungiyar kamfanoni ke kula da ita. UEFI tana neman wani ƙaramin sashe na musamman a faifai mai sabon tsarin raba sassa da ake kira GPT. Windows kan yanka wa wannan sashen tashi megabayit 100, kuma a nan Windows Boot Manager, manhajar da ke tayar da Windows, take. Masu gyara har yau BIOS suke kiran duka biyun.

Rikicewar jerin tashi

Wannan shi ne sanadin da ya fi yawa. Wasu kwamfutocin kan ɗora sabon faifai a saman jeri da zarar sun gan shi. Idan babu komai a ciki, sai saƙon rashin faifai ya bayyana. Idan kuwa na hannu ne da aka ciro daga wata kwamfuta, kamar yadda aka saba saye a kasuwannin kayan waya irin su Farm Centre a Kano, mai yiwuwa yana ɗauke da tsohuwar Windows ta mai shi na farko, sai kwamfutar ta yi ƙoƙarin tashi da ita. Maganin shi ne a shiga saitin BIOS a mayar da Windows Boot Manager na tsohon faifan sama. A Dell ana shiga saitin da danna F2 yayin kunnawa, jerin tashi da F12. A HP kuwa F10 da F9 ne.

Akwai wani tarko da ya fi wannan ɓoyuwa. Idan aka saka Windows a sabon SSD alhali tsohon faifan yana jone, manhajar sakawa kan yi amfani da sashen tashi na tsohon maimakon ta yanka sabo. Kwamfutar za ta yi aiki sumul, har ranar da aka goge tsohon ko aka cire shi, sai ta mutu murus duk da Windows tana kan sabon. Shi ya sa ƙwararru ke cire tsohon kafin su fara. Idan an riga an faɗa, ana tashi da filashin Windows, a yanka sashen a sabon faifan, a rubuta masa fayilolin tashi da umarnin bcdboot.

Kwafe faifai da sauya saiti

Wanda ya kwafe tsohon faifai baki ɗaya zuwa sabo ya bar su tare, ya tara tagwaye masu lambar shaida ɗaya. Tun daga Windows 7, manhajar kan dakatar da amfani da ɗayan domin kada su rikice, wani lokaci kuma tashin ne ke tsayawa. Ya kamata a fara gwada sabon shi kaɗai, sannan a goge tsohon.

Mutane kuma kan taɓa saiti da hannunsu yayin neman sabon faifan. Sauya hanyar da kwamfuta ke magana da faifai daga tsarin RAID zuwa AHCI, ko akasin haka, yana jawo shuɗiyar fuska mai saƙon INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE, domin an saka Windows ne da direba, wato manhajar sarrafa faifai, na ɗaya tsarin. Haka nan kunna Legacy, wato tashi irin na tsohuwar BIOS, a kwamfutar da aka saka wa Windows ta UEFI yana hana ta tashi. Windows 11, wadda ta fito a 2021, UEFI kaɗai ta amince da ita. Mayar da saitin yadda yake yakan isa. Sai dai idan faifan yana kulle da BitLocker, makullin bayanai na Windows, irin wannan taɓe-taɓen na iya sa kwamfutar ta nemi mabuɗi mai lamba 48, wanda galibi ake samu a asusun Microsoft na mai ita. Mai laftof ta hannu da bai taɓa ganin wannan lambar ba, gara ya duba kafin ya kwance ko ƙusa ɗaya.

A Linux sunayen faifai ne ke sauyawa: wanda yake sda jiya ya koma sdb yau. Tsarin da ya dogara da waɗannan sunaye a fayil ɗin fstab, inda ake lissafa faifan da za a buɗe yayin tashi, kan tsaya, mai amfani da lambar UUID, wato lambar shaida da ba ta bin jerin faifai, kuwa ba ruwansa.

Matsalar jiki

Ramin M.2, inda ake soka siririn SSD, yana da yaudara, domin SSD mai tsohon tsarin haɗi na SATA da mai sabon tsarin NVMe, wanda ƙa'idarsa ta fito a 2011, na iya shiga rami ɗaya, amma ba kowane rami ke karanta duka biyun ba. A wasu kwamfutocin ma ramin yana raba layi da majonin SATA, sai saka sabon ya ɓatar da tsohon daga jeri. Littafin kwamfutar ne ke faɗin wannan. A tsofaffin laftof ana cire na'urar DVD a saka faifai a wani gida da masu gyara ke kira kadi, mai kaurin milimita 9.5 ko 12.7, kuma masu arha kan hana kwamfuta wuce tambari ko kashe kanta da kyau. Yayin kwancewa kuma, siririyar wayar tsohon faifan ko RAM na iya gocewa.

Gwajin farko dai ɗaya ne: a kashe, a zare caja da batir, a cire sabon faifan, a kunna. Idan ta tashi, laifin yana ga sabon ko jerin tashi. Idan ta ƙi, a duba majonin tsohon da saitin da aka taɓa, kuma kada a yarda a goge faifan kafin a kwashe abin da ke ciki ta wata kwamfutar.