Waiwaye: Masu bin sawun tsando da sauro a Arewa

Duk wanda ya taɓa zuwa Anchau, a ƙaramar hukumar Kubau ta jihar Kaduna, zai ji sunan Takalafiya. Ciwon barci ne ya haifi wannan gari. A shekarun 1930 cutar ta yi wa ƙasar Zazzau da wasu sassan Arewa katutu, har gwamnatin mulkin mallaka ta kafa sashe na musamman a ƙarƙashin Dakta Lester. Ma'aikatansa su ne ke bin ƙauyuka, su tara jama'a a ƙofar gidan mai gari, su jera su sahu-sahu, su riƙa lallatsa wuyan kowa suna neman kaluluwa. Wanda aka ji tasa ta kumbura, sai a zuƙo ruwanta da allura, a ɗiga a kan gilashi, a duba da madubin likita nan take a gindin bishiya. A haka aka duba miliyoyin mutane. A Anchau kuwa, masanin ƙwari T.A.M. Nash ne ya jagoranci sare kurmin bakin rafuka inda ƙudan tsando mai yaɗa cutar ke fakewa, aka tashi ƙananan ƙauyuka aka tsugunar da su a sababbin matsugunai masu rijiyoyi.

Sunan Lester da na Nash suna cikin littattafai. Sunayen 'yan ƙasar da suka yini a rana da ƙaramin koma a hannu suna kama tsando, suna ƙirga shi, suna rarrabe namiji da mace, ba su shiga ba, kuma wannan yana damuna, domin a kan idonsu da ƙafarsu aka gina ilimin nan.

Daga wannan aiki ne aka kafa cibiyar binciken ciwon barci da sammore ta Afirka ta Yamma a 1947, mai hedikwata a Kaduna da reshe a Vom, wadda a 1964 ta zama NITR ta Najeriya. Nan ne abin ya fara zama sana'ar da mutum zai shiga da ƙuruciya ya fita da furfura: likitan dabbobi mai bin garken Fulani, masanin ƙwari mai kiwon tsando a ɗakin gwaji, da ma'aikacin da ke feɗe ƙuda don ganin ko yana ɗauke da cutar.

Sai Garki, wadda yau take jihar Jigawa. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya suka gudanar da bincike a ƙauyukanta kan zazzaɓin cizon sauro. An fesa maganin propoxur a bangon ɗakuna, an raba ƙwayoyi ga jama'a, an ɗibi jini an sake ɗiba, har da masu kwana suna kama sauron da ya sauka a jikin mutum. Zazzaɓin ya yi ƙasa sosai, amma bai yanke ba, kuma da aka tsayar da aikin sai ya dawo. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne wani kaso na sauron ba ya hutawa a cikin ɗaki, don haka feshin bai same shi ba. Rahoton ya fito a 1980, kuma har yanzu masu lissafin yaɗuwar cuta a jami'o'in duniya suna komawa ga alƙaluman Garki. Dalibanmu nawa ne suka san haka?

A shekarun 1970 ma an yi irin wannan bincike a Malumfashi, tsakanin Jami'ar Ahmadu Bello da makarantar cututtukan ƙasashe masu zafi ta Liverpool, inda tsargiya, wato cutar fitsarin jini, ta samu kulawa sosai. A 1976 Farfesa Adetokunbo Lucas ya karɓi ragamar TDR, shirin binciken cututtukan ƙasashe masu zafi da ke Geneva, ya riƙe shi shekara goma. Farfesa Adenike Abiose kuma ta jagoranci gwajin maganin ivermectin a ƙauyukan jihar Kaduna, wanda ya nuna yana kare jijiyar ido daga makantar rafi, cutar da cizon wani ƙaramin baƙin ƙuda ke jawowa.

An ga amfanin abin. Kurkunu, da aka ƙirga masu ɗauke da shi sama da 650,000 a Najeriya a ƙarshen shekarun 1980, ya ƙare a 2008, aka ba ƙasar takardar shaida a 2013. A Janairun 2025 Nijar ta zama ƙasar Afirka ta farko da aka tabbatar ta kawar da makantar rafi.

Abin tsoron yana nan kusa da nasarar. Cuta in ta ja baya, kuɗin bincikenta ma sai ya ja baya, masu gane ta kuma su yi ritaya. Matashin likita a yau zai iya gama karatu bai taɓa ganin kurkunu na fita daga ƙafar mutum ba, alhali cutar tana nan a Chadi, maƙwabciyarmu, har a jikin karnuka. Yaran da suka karanta ilimin ƙwayoyin cuta a Zariya da Kano da Jos da yawa sun koma wasu sana'o'i, wasu sun haura waje. A ƙauyukan bakin madatsun ruwa kuwa, har gobe akwai yara masu fitsarin jini, iyayensu na ɗauka alamar balaga ce.