Google

Google kamfanin fasaha ne na ƙasar Amurka wanda ya yi fice da injin binciken intanet mai ɗauke da sunansa. Larry Page da Sergey Brin ne suka kafa shi a shekarar 1998, lokacin suna ɗaliban digiri na uku a Jami'ar Stanford, kuma hedikwatarsa tana garin Mountain View a jihar Kalifoniya. Tun daga 2015 yana ƙarƙashin uwar kamfani mai suna Alphabet. Yawancin abubuwan da yake samarwa kyauta ne ga mai amfani da su, mafi yawan kuɗin shigarsa kuwa daga talla yake fitowa, kuma wannan tsari shi ne tushen bunƙasarsa da ma shari'o'in da yake fuskanta.

Asali da kafuwa

Page da Brin sun haɗu a Stanford a 1995, a shekarar da ta biyo baya kuma suka soma wani aikin bincike da suka sa wa suna BackRub. Injinan bincike na wancan zamani sun fi dogara ga ƙirga yawan fitowar kalma a cikin shafi, saboda haka mai wayo yana iya cika shafinsa da kalma ɗaya ya haye sahun gaba alhali ba shi da wani abin kirki a ciki. Su biyun sai suka dubi mahaɗan da ke tsakanin shafuka. A lissafinsu, duk shafin da ya saka mahaɗi zuwa wani shafi tamkar ya ba da shaida ne a kansa, kuma shaidun ba nauyinsu ɗaya ba, kamar yadda shaidar dattijon da unguwa ta amince da shi ta fi ta baƙo goma. Shafin da shafuka masu daraja suka nuna shi sai darajarsa ta ɗaukaka, shi ma ya ɗaukaka waɗanda ya nuna. Wannan dabara ita aka kira PageRank, kuma ita ce ta sa sakamakon bincikensu ya yi wa na sauran fintinkau.

Sunan kamfanin ya samo asali ne daga kalmar googol, wato lamba 1 da sifili 100 a bayanta. An yi rajistar adireshin google.com a ranar 15 ga Satumba 1997. A watan Agusta 1998 Andy Bechtolsheim, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin kwamfuta na Sun Microsystems, ya rubuta musu cek na dala 100,000 da sunan kamfanin da bai ma wanzu a hukumance ba, don haka cek ɗin ya zauna ba a iya karɓar kuɗinsa ba sai da aka yi wa kamfanin rajista a ranar 4 ga Satumba. Ofishin farko garejin gidan Susan Wojcicki ne a Menlo Park, wadda daga baya ta shugabanci YouTube. Kamfanin yakan yi bikin cikar shekara a ranar 27 ga Satumba, ko da yake a shekarun baya ya yi bikin a wasu ranaku daban na watan.

A watan Yuni 1999 kamfanonin zuba jari na Kleiner Perkins da Sequoia Capital suka saka dala miliyan 25, a 2001 kuma aka ɗauko Eric Schmidt, wanda ya girme wa matasan biyu a shekaru da gogewa, ya zama shugaban gudanarwa har zuwa 2011.

Talla da kasuwar hannun jari

A maƙalar da suka wallafa a 1998, Page da Brin sun yi gargaɗin cewa injin binciken da ke rayuwa da kuɗin talla zai karkata ga masu tallar fiye da masu bincike. Shekara biyu bayan haka, a watan Oktoba 2000, suka ƙaddamar da AdWords. A 2002 aka mayar da tsarin zuwa gwanjo, wanda kamfanin GoTo.com ya riga su farawa. Mai sayar da takalma, alal misali, yakan taya kalmar da yake zaton masu saye za su rubuta, kuma ba ya biyan ko sisi sai an latsa tallarsa; a cikin ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba tsakanin rubuta kalmar da fitowar sakamako, injin ya gama gwanjon, ya auna tayin kowa tare da dacewar tallarsa, ya jera su. A 2003 aka ƙara AdSense, wanda ya ba masu shafuka damar ɗora tallace-tallacen a shafukansu a raba kuɗin da su.

Kamfanin ya shiga kasuwar hannun jari a ranar 19 ga Agusta 2004, inda aka sayar da kowane hannun jari a kan dala 85, aka tara kimanin dala biliyan 1.67. An tsara hannayen jarin kashi biyu, na waɗanda suka kafa kamfanin kowanne yana da ƙuri'a 10, na jama'a kuma ƙuri'a ɗaya, abin da ya bar ragamar kamfanin a hannun Page da Brin.

Kayayyaki

Gmail ya fito a ranar 1 ga Afrilu 2004 da ma'ajiyar gigabait ɗaya, wadda ta ninka abin da sauran masu ba da imel kyauta ke bayarwa sau ɗaruruwa, har wasu suka ɗauka wasa ne saboda ranar da aka sanar ita ce ranar da Turawa ke zolayar juna da labaran ƙarya. Google Maps ya biyo baya a 2005, Google Translate a 2006, burauzar Chrome a 2008. Wasu daga cikin manyan kayayyakinsa sayensu ya yi: Android a 2005, YouTube a 2006 a kan dala biliyan 1.65, kamfanin talla na DoubleClick a kan dala biliyan 3.1, da kamfanin ƙirƙirarriyar basira na DeepMind da ke Landan a 2014. Android ne ke tafiyar da mafi yawan wayoyin zamani a duniya, har da galibin waɗanda ke hannun mutane a Najeriya da Nijar. An saka Hausa a Google Translate a watan Disamba 2013, kebul ɗin intanet na Google da ke bi ta ƙarƙashin teku, mai suna Equiano, kuma ya iso Legas a 2022.

Kamfanin ya yi ƙaurin suna wajen rufe abin da ya buɗe, kamar Google Reader a 2013 da dandalin sada zumunta na Google+ a 2019.

Al'adar aiki

Da yake a jami'a aka haifi kamfanin, ya ɗauko ɗabi'unta da yawa. Tun a 1999 ya ɗauki mai dafa abinci, Charlie Ayers, kuma abinci kyauta ya zama alamar ofisoshinsa, tare da wuraren motsa jiki, kekuna masu launi, da motocin bas masu ɗauko ma'aikata daga San Francisco. Sabon ma'aikaci ana kiransa Noogler, a ba shi hula mai ɗan farfela a samanta. Masu suka suna ganin manufar waɗannan gatan ita ce a daɗe a ofis.

Abin da ya fi waɗannan muhimmanci shi ne 'yancin tunani da na magana. A wasiƙar da suka rubuta wa masu saka jari a 2004, Page da Brin sun ce suna ƙarfafa wa ma'aikata gwiwar ba da kashi 20 cikin ɗari na lokacinsu ga duk aikin da suke ganin zai amfani kamfanin, suka kawo Google News da AdSense a matsayin amfanin hakan. Akwai kuma taron mako-mako da ake kira TGIF, inda su biyun kan tsaya gaban ma'aikata, ƙaramin injiniya ya tashi ya yi musu tambaya mai zafi a gaban kowa su amsa. Taken kamfanin na wancan zamani, wanda ma'anarsa ita ce kada ka zama mugu, ya samo asali ne a wajen 2000 ko 2001, wasu na jingina shi ga Paul Buchheit, wasu ga Amit Patel.

Wannan al'ada ita ce ta fi jin jiki da girman kamfanin. A 2018 dubban ma'aikata suka sa hannu a takardar ƙin amincewa da Project Maven, kwangilar ma'aikatar tsaron Amurka ta nazarin hotunan jirage marasa matuƙa, har kamfanin ya ce ba zai sabunta ta ba. A ranar 1 ga Nuwamba na shekarar, kimanin ma'aikata 20,000 a ƙasashe daban-daban suka bar teburansu suka fito waje, bayan jaridar New York Times ta ruwaito cewa an sallami Andy Rubin, jagoran Android, da dala miliyan 90 duk da zargin cin zarafin wata ma'aikaciya, zargin da ya musanta. A ƙarshen 2019 aka mayar da TGIF taron wata-wata, aka taƙaita shi ga harkokin kasuwanci, bisa hujjar cewa ana fitar da sirrin taron waje. A Janairu 2021 wasu ma'aikata suka kafa ƙungiyar ƙwadago, a Janairu 2023 kuma aka sallami mutum 12,000, da yawansu ta imel suka sani.

Sauye-sauye

Da aka kafa Alphabet a 2015, an ware ayyuka irin su mota mai tuƙa kanta daga Google, aka naɗa Sundar Pichai, haifaffen Indiya, shugaban Google. A Disamba 2019 ya gaji Page a shugabancin Alphabet. Masu binciken Google ne suka wallafa tsarin Transformer a 2017, wanda a kansa aka gina manhajojin hira na ƙirƙirarriyar basira, amma ChatGPT na OpenAI ya riga su shiga kasuwa. Kamfanin ya fitar da Bard a 2023, ya sauya masa suna zuwa Gemini a 2024, ya kuma soma ɗora taƙaitacciyar amsa a saman sakamakon bincike, abin da masu shafuka ke kukan yana rage musu baƙi.

Shari'o'i da taƙaddama

Google ya buɗe shafin bincike mai tace bayanai a ƙasar Sin a 2006, ya janye a 2010. Tarayyar Turai ta ci shi tarar yuro biliyan 2.42 a 2017 da biliyan 4.34 a 2018. A Agusta 2024 alƙali Amit Mehta na kotun tarayya a Washington ya yanke cewa kamfanin ya riƙe babakere a harkar bincike ba bisa doka ba, bayan an bayyana cewa a 2021 kaɗai ya biya dala biliyan 26.3 ga Apple da wasu domin ya zama injin da ake tararwa a wayoyi da burauzoji. Kamfanin ya ce ingancinsa ne ke sa mutane zaɓarsa. A Satumba 2025 alƙalin ya ƙi tilasta masa sayar da Chrome, amma ya haramta masa kwangilolin da ke toshe wa abokan gasa hanya.