Waiwaye: Yadda Aka Mai da Finiyal "Ido na Uku"

A can tsakiyar ƙwaƙwalwar ɗan Adam akwai wata 'yar tsoka da likitoci ke kira finiyal. Tsawonta milimita 5 zuwa 8 ne, ba ta wuce ƙwayar shinkafa ba. Ita ce wasu ke cewa ido ne na uku, wai in aka "buɗe" shi mutum zai riƙa ganin gaibu.

Jalinusu, likitan Girka na ƙarni na 2 Miladiyya, ya bayyana ta tun da wuri, ya kuma ƙaryata masu cewa ƙofa ce da ke sarrafa kai-komon ruhi a cikin kai. A 1649 masanin falsafar Faransa, René Descartes, ya ɗaga darajarta, ya ce ita ce babban mazaunin ruhi. Hujjarsa ita ce sauran sassan ƙwaƙwalwa bibbiyu suke, dama da hagu, ita kuwa tilo ce. Ba a je ko'ina ba Niels Steensen, masanin sassan jiki daga Denmak, ya nuna cewa siffar da Descartes ya ba ta ba ta yi daidai da abin da ake gani in an buɗe kai ba. Duk a wannan muhawara babu wanda ya kira ta ido.

A ƙarshen ƙarni na 19 aka yi haɗin gambizar. A 1886 Baldwin Spencer ya bayyana wani ɗan ido a tsakiyar kan wasu ƙadangaru da tuatara, wata dabba mai kama da ƙadangare ta New Zealand, mai alaƙa da finiyal, wanda ke bambance haske da duhu. Wannan gaskiya ne. A Indiya kuwa tun da daɗewa addinin Hindu na da aƙidar ido na uku a goshi, wanda ake siffanta Shiva, ɗaya daga cikin manyan ababen bautarsu, da shi. Helena Blavatsky, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar Tiyosofi ta masu neman ilimin ɓoye a New York a 1875, ita ta ɗinke biyun a rubutunta na 1888, ta ce finiyal ragowar idon ruhi ne da ya shanye. Tsofaffin littattafan Indiya ba su ambaci wannan tsoka ba. Turawa ne suka liƙa musu ita.

Ainihin aikinta a mahauta aka gano shi. A 1917 wasu masu bincike biyu, McCord da Allen, suka ga cewa in aka ba talibambam finiyal ɗin shanu, fatarsu kan yi haske. A 1958 Aaron Lerner, likitan fata a Jami'ar Yale, ya tace finiyal na shanu sama da 200,000 kafin ya ware sinadarin da ya raɗa wa suna melatonin.

Ga yadda abin ke tafiya a jikin mutum. Finiyal ɗinmu ba ta ganin haske da kanta. Ido ne ke karɓar hasken, ya aika saƙo zuwa agogon jiki da ke ƙasan ƙwaƙwalwa. Saƙon ya gangara cikin laka, ya fito ta wani ƙullin jijiyoyi a wuya, sannan ya sake hawa zuwa finiyal. In duhu ya yi, sai ta juya wani sinadari mai suna serotonin zuwa melatonin, wanda ke sanar da jiki cewa lokacin barci ya yi. Melatonin ɗin yakan fara hawa kamar awa 2 kafin lokacin da mutum ya saba barci, ya kai ƙololuwa tsakanin ƙarfe 2 da 4 na dare. Doguwar hanyar nan ita ce dalilin da ya sa karayar wuya mai taɓa laka kan katse melatonin, wasu magungunan hawan jini irin su atenolol kan rage shi, haske mai ƙarfi da daddare kuma kan jinkirta shi.

Zancen gaibu ya sake farfaɗowa bayan wani likita, Rick Strassman, ya gwada sinadarin DMT mai sa gane-gane a kan mutane a Jami'ar New Mexico daga 1990 zuwa 1995, ya kuma yi hasashen cewa finiyal na fitar da shi lokacin mutuwa. Hasashe ne, bai auna ba. A 2019 masu bincike a Jami'ar Michigan sun sami DMT a ƙwaƙwalwar ɓeraye har da waɗanda aka cire wa finiyal. Balle ma tsokar da ke yin melatonin na wasu 'yan maikrogiram a yini, da wuya ta samar da miligiram masu yawa na DMT (kowane miligiram maikrogiram dubu ne) da ake bukata kafin mutum ya fita hayyacinsa.

Sai batun "wanke finiyal" da ake sayar wa mutane magani a kansa. Gaskiya ne kalsiyam na taruwa a cikinta da shekaru, har masu hoton ƙwaƙwalwa na amfani da farin ɗigon nan su gane tsakiyar kai. Babu wani jiƙo ko ƙwaya da aka tabbatar yana narkar da shi. Kallon rana da wasu ke koyarwa don "buɗe idon" kuwa ƙona bayan ido yake yi, lahanin kuma yana iya zama na dindindin.

Ciwon da ya cancanci a damu da shi shi ne ƙari a wurin. Ba kasafai ake samunsa ba, amma yakan toshe magudanar ruwan ƙwaƙwalwa. Ciwon kai mai tsanani da safe, amai, gani bibbiyu, da kasa ɗaga idanu sama alamu ne da ke bukatar hoton MRI ko CT ba tare da jinkiri ba, musamman ga yara da matasa.